Gwanjon Tsofaffin Motocin Gwamnati: Wa Ya Ji Ƙarar Ƙararrawa?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta fita daga Tamale ta nufi Kumasi, idan ya zo daidai Dungu, ba zai rasa ganin garejin fitoci a gefen titi ba, inda tsofaffin motoci ke jere a ƙarƙashin itatuwa suna jiran ranar da Allah zai tashe su. A ɗaya daga cikin waɗannan garejin akwai wata farar Land Cruiser, doguwar nan mai ƙofa biyar, irin ta shekarun 1980, wadda ta shafe watanni a kan duwatsu babu taya ko ɗaya. An kankare rubutun da ke jikin ƙofarta, amma mai lura zai gane cewa a da tambarin wani ofishin gwamnati ne a wurin. Mun sha wuce ta safe da yamma ba mu taɓa yi mata kallo na biyu ba, domin a ganinmu ta gama yayi, abin da ya rage mata kawai shi ne masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda muke kira 'yan kondem, su zo su yanka ta su ɗora a kan sikeli.

Ana nan sai wata rana wani baƙo ya sauka daga Accra. Ya zagaya motar nan sau uku, ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗauki hoton lambar injin da ta shasi, sannan ya yi tayin kuɗin da ya sa mastan garejin ya ajiye sifanar da ke hannunsa. Mastan da kansa ya ba mu wannan labari. Ya ce mai motar ya same ta ne a wani gwanjo da aka ce an yi a ofishin wata gunduma, a kan kuɗin da bai kai na sabon babur ba, kuma har yau bai haɗu da mutum ɗaya daga wannan gunduma da ya ji sanarwar gwanjon ba. Shi kuwa baƙon, niyyarsa ya sa ta a kwantena a tashar jirgin ruwa ta Tema, ya aika da ita Amurka, a can a gyara ta a sake kai ta wani gwanjon.

Ba mu kawo wannan labari don mu tona asirin kowa ba, shi ya sa ba mu ambaci sunan gunduma ko na mai motar ba. Mun kawo shi ne domin ya tayar mana da wata tambaya da muka daɗe muna jin ta a bakin masu bugo mana waya a gidan rediyo: idan motar gwamnati ta tsufa, ina take zuwa, wa ke yanke mata farashi, kuma wa ake gaya wa ranar da za a sayar da ita?

Kafin mu shiga wannan, bari mu ɗan bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa baƙon nan ya ɓata fararen kayansa, don kada a ɗauka taɓin hankali ne. Kamfanin Toyota ya fara ƙera wannan mota a 1951, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Irin wadda ke kwance a Dungu, wato samfurin 60, an ƙera ta ne daga 1980 zuwa wajen 1990, sannan samfurin 80 ya biyo baya. Takwararta ta Ingila, Land Rover, ta fito a 1948, kuma an daina ƙera tsohon samfurinta mai suna Defender a watan Janairun 2016. Motoci ne da ƙafafunsu huɗu duka ke ja, galibin tsofaffin cikinsu injinsu babu kwamfuta a ciki, duk abin da ya lalace fita zai iya kwance shi ya gani da idonsa. Wannan sauƙin, tare da cewa an daina yin irinsu, shi ya sa masu kuɗi a Turai da Amurka suke nemansu ruwa a jallo.

Alal misali, a watan Disambar 2015, kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wata Defender ta musamman, wadda aka ƙera don cikar motoci miliyan biyu, a kan fam 400,000 a birnin Landan. A watan Agustan 2021 kuma, wannan kamfani dai ya sayar da wata tsohuwar Land Cruiser ƙirar 1980, mallakar ɗan wasan fim Tom Hanks, a kan sama da dala 100,000 a jihar Kalifoniya. Bugu da ƙari, dokar Amurka ta yarda a shigo da motar da ta shekara 25 ba tare da an tilasta mata cika ƙa'idodin da ake gindaya wa sababbin motoci ba. Sannan mu a nan Ghana, tun ranar 4 ga Agustan 1974 muka koma tuƙi a hannun dama, saboda haka sitiyarin motocinmu yana hagu ne kamar na Amurkawa. Ga shi kuma a nan arewa ba mu da iskar teku mai gishiri da ke cin ƙarfe kamar a Tema ko Takoradi. Idan ka haɗa waɗannan abubuwa, za ka gane cewa baƙon Accra ya san abin da yake yi sarai.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa kowace tsohuwar mota da ke kan duwatsu tana da darajar dubban daloli. Ba haka abin yake ba. Waɗancan da muka ambata, ɗaya an ƙera ta ne ta musamman, ɗaya kuma sunan mai ita ne ya ɗaga ta. Galibin waɗanda ake saya da tsada sai an kashe musu kuɗi mai yawa wajen gyara, kuma da yawa daga cikin namu an riga an cire musu injin, an sace giya, ɓeraye sun cinye waya. Abin da muke cewa shi ne, tsakanin farashin 'yan kondem da farashin kasuwar duniya akwai tazara mai faɗi, kuma a halin da ake ciki wanda ke cin wannan tazara ba shi ne talakan da aka sayi motar da harajinsa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mu mutanen arewa mun fi kowa sanin aikin da waɗannan motoci suka yi, domin a gabanmu suka yi shi. A 1989, lokacin da aka ƙirga masu ciwon kurkunu a ƙasar nan, an samu kusan mutum 180,000, kuma yankinmu na cikin inda abin ya fi tsanani har zuwa ƙarshe. Da irin waɗannan motoci ma'aikatan lafiya suka riƙa shiga ƙauyukan Savelugu da Tolon da Nanumba da Gonja, suna raba ƙyallen tace ruwa, suna zuba magani a tafkuna. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya zo Savelugu da kansa a watan Fabrairun 2007 ya ga yara ana jawo musu tsutsa daga ƙafa. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Diare a watan Mayun 2010, kuma a farkon 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Ghana ta rabu da cutar. Haka ma yaƙin da aka fara da makantar kogi a 1974 a kwarin Volta, da ayyukan haƙa rijiyoyin burtsatse na shirin NORRIP a shekarun 1980, da allurar rigakafin shan inna, da kai akwatunan zaɓe ƙauyukan da ake kira Obasis saboda ruwa na yanke su daga sauran duniya da damina. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi shi da ƙaramar mota.

To, motar da ta yi wa jama'a irin wannan hidima, idan lokacin rabuwa da ita ya zo, ashe bai kamata jama'ar su sani ba? Abin mamaki shi ne, doka ta riga ta tanadi hakan. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2003, wato doka mai lamba 663, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta ce idan kayan ofishi suka tsufa ko suka daina amfani, shugaban ofishin zai kafa kwamiti ya duba su, a samu rahoton ƙwararre, sannan kwamitin ya ba da shawarar hanyar da ta fi dacewa a rabu da su. Dokar ta lissafa hanyoyi huɗu. Ta farko, a miƙa kayan ga wata ma'aikata ko wata hukumar gwamnati da ke buƙatarsu. Ta biyu, a nemi tayi a rubuce a sayar wa wanda ya fi biya. Ta uku, a yi gwanjo a bainar jama'a. Ta huɗu, a lalata su ko a binne. Kuma a hanya ta biyu da ta uku, dole a yanke mafi ƙarancin farashin da ba za a sayar ƙasa da shi ba. Ban da wannan akwai Dokar Gwanjo ta 1989 da ta tsara aikin masu buga ƙararrawa.

Matsalarmu ke nan a ƙasar nan: doka tana nan a takarda, tsaf da ita, amma aiki da ita sai a hankali. Kuma ba mu ne muka fara faɗin haka ba. A 2017, kwamitin majalisar dokoki mai bin diddigin kuɗaɗen gwamnati ya zauna a kan rahoton Odita Janar game da yadda Ma'aikatar Abinci da Noma da Hukumar Lafiya ta Ghana suka rabu da tsofaffin motocinsu, kuma 'yan ƙasa suka ji da kunnensu yadda aka sayar da wasu motoci a farashin da ya ba 'yan majalisar kansu mamaki. A watan Fabrairun wannan shekarar dai, fadar shugaban ƙasa ta ce motoci sama da 200 sun ɓata bayan sauyin gwamnati, jami'an gwamnatin da ta sauka suka musanta, aka yi ta cacar baki a gidajen rediyo, mu talakawa muka saurara har muka gaji. A watan Agustan 2022 kuma, ofishin Mai Gabatar da Ƙara na Musamman, Kissi Agyebeng, ya sanar da cewa yana binciken gwanjon motoci da sauran kayayyaki da Hukumar Kwastan ta yi daga watan Yulin 2016 zuwa Agustan 2022, ya kuma ba da umarnin a dakatar da gwanjon a lokacin.

Mai karatu zai lura cewa waɗannan abubuwa sun ratsa zamanin manyan jam'iyyunmu biyu. Saboda haka duk wanda zai karanta wannan shafi da tabarau na siyasa, ya nemi inda muka soki laima ko inda muka soki giwa, to ya huta, domin ciwon ba na jam'iyya ɗaya ba ne. A watan Mayun 2025 Shugaba John Dramani Mahama ya ƙaddamar da ƙa'idojin aiki ga waɗanda ya naɗa, kuma a ciki an haramta musu sayen kadarorin gwamnati, har da filaye da motoci, ko da sunansu ko ta hannun wani. Wannan mataki ne mai kyau, mun yaba. Amma ministoci da manyan muƙarrabai su nawa ne? Motar da ke Dungu ba minista ne ya saye ta ba. Ɓarnar da ta fi shafarmu tana faruwa ne a ƙasa, a ofisoshin gundumomi da asibitoci da ofisoshin noma da na ilimi, inda ba kyamarar talabijin, ba ɗan jarida.

Yadda ake yin abin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya taɓa zama da direbobin gwamnati ko fitoci. Mota za ta sami 'yar matsala, wataƙila famfon mai ne ko kulochi, abin da fita zai gyara cikin kwana biyu. Sai a ce babu kuɗin gyara, a tura ta bayan ofis. Bayan wata uku an cire batir an sa wa wata motar. Bayan wata shida tayoyi sun tafi. Kafin shekara biyu kaji na yin ƙwai a kujerar baya. Daga nan sai a rubuta cewa ba ta gyaruwa, a yi mata kuɗin tsohon ƙarfe, a liƙa 'yar takarda a allon sanarwa na cikin ofis da yammacin Juma'a, a cire ta da safiyar Litinin. Ranar gwanjo masu tayi uku ne, kuma dukkansu sun san juna. Wata ɗaya bayan nan sai ka ga motar da aka ce ta mutu tana tafe a titin Bolga da sabon fenti, har tana ba ka hon. Idan wanda ke da ikon cewa a gyara mota ko kada a gyara shi ne kuma zai iya sayenta in ta lalace, ai an ba kura ajiyar nama.

Akwai masu cewa, kuma maganarsu abin dubawa ce, wai riƙe tsohuwar mota asara ce ga gwamnati, tana shan mai, kullum tana gareji, kayan gyaranta na wahalar samu, gara a sallame ta ko nawa ne a huta. Mun yarda cewa bai dace ofis ya riƙe motar da kuɗin gyaranta ya fi amfaninta ba. Mun kuma yarda cewa gwanjo ba laifi ba ne, hasali ma jinkirin yin sa shi ke ƙara kashe darajar mota, domin wadda ta kwana shekara biyar a rana da ruwan sama ba za ta yi kuɗin wadda aka sayar a watan da ta tsaya ba. Amma wannan hujja tana goyon bayan a yi gwanjo da wuri ne, a fili. Ba ta ba kowa izinin yin sa a ɓoye ba. In dai da gaske motar ba ta da wata daraja, mene ne abin tsoro a kira mutum ɗari su zo su gani?

Wasu kuma kan ce, ai direban da ya shekara ashirin yana tuƙa motar nan, ko ma'aikacin da zai yi ritaya ba shi da ko keke, ya cancanci a tausaya masa a bar masa ita da sauƙi. Mu ma muna tausayin ƙananan ma'aikata, mun san yadda albashi yake. To amma sau nawa direban ne ke samun motar? Kuma in gwamnati na son ta saka wa ma'aikaci, sai ta yi masa a fili da sunan sakayya, a rubuta, kowa ya sani. Kyautar da ake yi da dukiyar jama'a a bayan labule, sunanta daban ne a shari'a, kuma malamanmu na Tamale, na Ambariyya da na Tijjaniyya, ba su saɓa wa juna ba a kan hukuncin cin amanar baitulmali.

Sai dai kuma, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu kanmu jama'a muna da namu kason. Mu ne muke cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne. Mu ne idan muka ji ɗan'uwanmu ya sami motar ofis a araha sai mu je mu yi masa barka, mu ce Allah Ya sanya alheri, mu kuma roƙe shi ya tuna da mu in wata ta faɗo. Da yawa daga cikin masu ƙorafi a rediyo, abin da ke damunsu shi ne ba a kira su cikin rabon ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin muna kallon gwanjon ɓoye a matsayin sa'a da rabo, to babu dokar da za ta yi aiki.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne hanyar farko da doka ta ambata, wato miƙa mota ga wata hukumar gwamnati, ita ce aka fi mantawa da ita. A watan Janairun 2020 gwamnati ta raba motocin ɗaukar marasa lafiya guda 307 a faɗin ƙasa, kowace mazaɓa ta samu. Amma mazaɓa ɗaya a nan arewa tana iya ƙunsar ƙauyuka sama da ɗari, kuma wanda ya taɓa tsallaka kogi a Daboya da kwalekwale, ko ya bi hanyar Yagaba a watan Satumba lokacin da aka buɗe madatsar ruwan Bagre a Burkina Faso, ya san cewa akwai wuraren da sai mota mai jan ƙafa huɗu. Ɗaliban Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wadda hedikwatarta ke nan Dungu, da ake tura su zama a ƙauyuka a zango na uku na karatunsu, sukan dawo da labarin matan da ake ɗorawa a bayan babur ko a motokin suna naƙuda. Tsohuwar Land Cruiser da babban ofis ya raina, idan aka gyara ta aka cire kujerun baya aka shimfiɗa katifa, za ta iya kai mace asibiti a cikin dare. Da tsohuwar zuma ake magani. Wadda kuwa ta wuce gyara, makarantun koyon sana'a irin su Dabokpa da Jami'ar Fasaha ta Tamale suna buƙatar injin da yara za su kwance su ɗaura.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Gudanarwa ta Yankin Arewa, da takwarorinta na Savannah a Damongo da Arewa maso Gabas a Nalerigu, da dukkan majalisun gundumomi, da su ɗauki wasu matakai da ba sa buƙatar sabuwar doka ko kuɗi daga Accra. Na farko, kowace gunduma ta fitar da jerin motocin da take da su sau ɗaya a shekara, masu tafiya da waɗanda ke kwance, a karanta a zaman majalisa. Na biyu, motar da ta tsaya kada ta wuce wata shida ba a yanke hukunci a kanta ba, ko gyara, ko miƙawa, ko sayarwa. Na uku, kafin a kai kowace mota gwanjo, a rubuta wa daraktocin lafiya da na ilimi na gundumomi a tambaye su ko suna so.

Na huɗu, idan gwanjon ya zama dole, a sanar da shi aƙalla mako uku kafin ranar, a gidajen rediyo, da Dagbanci da Hausa da Gonjanci da Mampurli da Likpakpaln, ba a jaridar Turanci da ake bugawa a Accra kaɗai ba, wadda kafin ta iso Kpandai an riga an buga ƙararrawa. A kuma sa hotunan motocin a intanet, domin irin baƙon nan na Accra ya zo ya yi takara da 'yan kasuwar Aboabo da fitocin Lamashegu da na Suame a fili, kuɗin ya shiga asusun gwamnati maimakon aljihun mutum ɗaya. Na biyar, wanda zai yi wa mota kuɗi kada ya kasance ma'aikacin ofishin da ke sayarwa, kuma duk wanda ya sa hannu a takardar cewa mota ba ta gyaruwa, shi da iyalinsa kada su shiga tayi. Na shida, bayan gwanjo a liƙa sakamako a ƙofar majalisa: lambar mota, mafi ƙarancin farashin da aka yanke, kuɗin da aka sayar, da lambar rasit.

Mu kuma 'yan jarida da 'yan majalisun unguwanni da ƙungiyoyin matasa, muna da makami a hannu da ba mu cika amfani da shi ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2019, mai lamba 989, ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi bayani, kuma jami'in da ke kula da wannan aiki yana da kwana 14 ya ba da amsa. Takarda ɗaya ta isa: motoci nawa kuka sayar cikin shekara biyar da suka wuce, yaushe aka yi sanarwa, nawa aka samu? Wanda ya yi aikinsa da gaskiya zai yi murna da wannan tambaya, domin ta wanke shi daga zargin da ake yi wa kowa a dunƙule. Kuma mun san akwai irinsu da yawa a ofisoshinmu.

Akwai wata shawara guda da muke so mu ƙara. A Accra, wanda ya je wurin tunawa da Kwame Nkrumah zai ga motarsa ƙirar Cadillac an adana ta. A Legas, motar Marsandi da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta a 1976 tana gidan tarihi har da ramukan harsashi. Waɗannan motocin shugabanni ne. Mu a nan arewa, me zai hana a zaɓi ɗaya daga cikin motocin da suka yi yaƙin kurkunu, a gyara ta, a ajiye a Cibiyar Al'adu ta Tamale, a rubuta sunayen ƙauyukan da ta shiga? Yaran da aka haifa bayan 2010 ba su taɓa ganin kurkunu ba, alhamdu lillahi, kuma nan gaba kaɗan za su ɗauka tatsuniya ce. In ba mu yi hattara ba, wata rana jikokinmu sai dai su ga motocin nan a hoto, a ƙofar gidan wani attajiri a Teksas.

A lokacin da muke wannan rubutu, farar motar tana nan a kan duwatsunta a Dungu, domin mai ita ya ji ƙamshin kuɗi ya ƙara farashi, baƙon kuma ya ce zai dawo. Ko ta tafi ko ta zauna, wannan tsakaninsu ne. Damuwarmu ita ce sauran 'yan'uwanta da ke kwance a bayan ofisoshi daga Yendi zuwa Bole, waɗanda ba a riga an buga musu ƙararrawa ba. Muna roƙon duk mai karatu da ya san inda irin wannan mota take, ya tambayi ɗan majalisar unguwarsa abin da ake shirin yi da ita, ya kuma nemi a ba shi amsa a zaman majalisa na gaba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu zuciyar da za ta ƙi abin da ba namu ba ko da an kawo mana shi har gida. Amin.